MASU AWON SANYI DA DUSAR ƘANƘARA A ƘASAR INGILA

A nan ƙasarmu in hunturu ya kankama, yawancin ɓarnarsa ba ta wuce faso a ƙafa, da tari, da tsagewar leɓe, da ƙyuyar fita da asuba. Manomin alkama ma murna ya ke yi da shi, don alkama ba ta kyau sai da sanyi. Amma akwai ƙasashen da sanyi kan shiga gona ya kashe abin da ke cikinta, ya bi makiyayi har kan dutse ya binne masa garke cikin dare ɗaya. Ingila na cikinsu.

A wannan mako za mu ba ku labarin waɗansu mutanen ƙasar waɗanda suka ɗora wa kansu aikin awon sanyi da ruwan sama da dusar ƙanƙara kowace safiya. Ba wanda ya ɗauke su aiki, ba kuwa mai biyansu ko anini. Cikinsu akwai manoma, da makiyaya, da malaman makaranta, da likitoci, da akawuna. Wannan aiki nasu ba shi da dangantaka da duba ko bugun ƙasa. Awo ne kurum da rubutu, sa'an nan a gwada na yau da na jiya.

MECE CE DUSAR ƘANƘARA?

Da fari dai kada a haɗa ta da ƙanƙarar nan mai kama da tsakuwa, wadda kan faɗo mana da hadari ta yayyaga ganyen dawa, ta narke nan da nan. Dusar ƙanƙara fara ce fat, ba ta da nauyi, tana saukowa a hankali kamar audugar rimi in iska ta kwaso ta. Can cikin gajimare ne sanyi ke daskarar da tururin ruwa ya zama 'yan ƙwayoyi masu kusurwa shida, su manne da juna su faɗo. In ƙasa ta riga ta yi sanyi ba ta narkewa, sai ta yi ta taruwa a kan gonaki da hanyoyi da jinkar ɗakuna. In kuwa iska ta taso, sai ta kwashe ta daga fili ta jibge a gindin katanga da cikin kwari, kamar yadda iskar hamada ke tara rairayi.

Da digiri a ke auna zafi da sanyi. A ma'aunin da a ke aiki da shi yanzu, ruwa na tafasa a digiri 100, yana daskarewa a sifiri. Sanyin asubar da mutumin Kano ke kuka da shi cikin watan Janairu, wajen digiri 13 ne sama da sifiri. Ku riƙe wannan, don ku gane abin da ke tafe.

HUNTURUN 1963

Ingila bisa tsibiri ta ke, kuma yawancin shekara iskar yamma ce ke busowa kanta daga Tekun Atlantika. Ruwan tekun nan bai cika sanyi ba, saboda haka iskarsa ke rage wa ƙasar tsananin hunturu. Amma wani lokaci sai wata iska mai nauyi ta zo ta yi zaune a arewa, ta tare wa iskar teku hanya, ta buɗe wa iskar gabas ƙofa. Ita kuwa iskar gabas daga wajen Rasha ta ke fitowa, busasshiya mai yankan jiki.

Haka ya faru a ƙarshen 1962. Ran 26 ga Disamba dusar ƙanƙara ta fara sauka da ƙarfi. Ran 29 da 30 ga wata aka yi wata guguwa a kudu maso yammacin Ingila da ƙasar Wels, har dusar ta taru ta kai ƙafa 20 a waɗansu wurare. Hanyoyin mota da na jirgin ƙasa suka toshe, wayoyi suka tsintsinke, ƙauyuka da yawa aka yi kwanaki ba shiga ba fita. Ran 18 ga Janairu 1963 aka auna sanyi a garin Braemar na ƙasar Sikotlan, aka sami digiri 22 ƙasa da sifiri. A Herne Bay teku kansa ya daskare har wajen mil guda daga gaɓa. Manoma suka rasa hanyar kai madara kasuwa, kayan lambu suka daskare cikin ƙasa suka yi tsada. A tsaunukan Dartmoor sai da aka riƙa jefa wa dabbobi ciyawa daga jirgin sama mai saukar ungulu. Ba a sami safiyar da gari ya waye ba daskarewa ko'ina cikin ƙasar ba sai ran 6 ga Maris.

Dattawan wannan zamani kuwa ba su manta da 1947 ba. A waccan shekara, daga 22 ga Janairu zuwa 17 ga Maris ba ranar da dusar ba ta sauka a wani yanki na ƙasar ba. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tumakin ƙasar suka mutu. Da ta tashi narkewa kuma sai ta narke gaba ɗaya bisa ƙasar da ke daskare, ruwa ya rasa wurin shiga, ambaliya ta cinye gonaki da gidaje. To, kun ji abin da ya sa mutumin Ingila ba ya wasa da maganar yanayi.

SU WANE NE MASU AWON?

Gwamnatin Ingila ta kafa ofishin binciken yanayi tun 1854, amma ma'aikatansa ba su isa su tsaya a kowane ƙauye ba. Wani saurayi mai suna George Symons shi ya ga wannan giɓi. An yi shekarun ƙarancin ruwa kafin 1860, mutane na ta gardama ko ruwan sama raguwa ya ke yi, ba kuwa wanda ke da lissafin da zai raba gardamar. Sai ya shiga tattara awon da mutane ke yi a gidajensu. Littafinsa na farko, na shekarar 1860, ya ƙunshi awon wurare 168. Ya yi ta cigiya a jaridu yana neman ƙarin masu taimako, ya kuma tsara musu ƙa'ida ɗaya don awon wannan ya yi daidai da na wancan. Kafin ya rasu cikin 1900, wuraren sun kai wajen 3,500. Cikin 1919 ofishin gwamnati ya karɓi aikin, amma masu awon ba su canja ba, mutanen gari ne masu yi don ganin dama.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka sami waɗansu da suka keɓe kansu ga dusar ƙanƙara kaɗai. Yawancinsu mazauna gindin duwatsu ne, masu tsaron daji da masu lura da madatsan ruwa da ma'aikatan manyan gonaki. Kowace safiya mutum zai ɗaga kai ya dubi dutsen da ke gabansa, ya rubuta iyakar inda fari ya sauko, a ƙarshen wata ya aika da takardar ta gidan waya. An yi ta wannan aiki har zuwa 2007. Akwai kuma wata ƙungiya da masu sha'awar abin suka kafa cikin 1970, inda su ke haɗa awonsu wata wata.

KAYAN AIKINSU

Kayan ba su da yawa. Na farko ma'aunin ruwan sama, watau wani gwangwani mai mazurari, faɗin bakinsa inci 5. A kan kafa shi a fili, bakinsa ƙafa ɗaya daga ƙasa, nesa da itace da gini. Na biyu ma'aunin zafi, wanda a kan ajiye cikin wani farin akwatin katako mai tsaga-tsaga, bisa ƙafafu, ƙafa 4 daga ƙasa, don iska ta ratsa shi amma rana kada ta taɓa shi. Akwai irin da ke riƙe iyakar sanyin da aka yi da dare, mutum na barci yana yi masa tsaro. Na uku ma'aunin nauyin iska, mai kama da agogon bango. Na huɗu rula. Na biyar kuwa, wanda ya fi su duka, littafi da fensir.

Ƙarfe tara na safe a ke awo, kowace rana, har ran hutu. In dusa ta sauka, sai mai awo ya nemi wuri mai baje inda iska ba ta tara ta ba, ba ta kuma share ta ba, ya soka rula a wurare da dama, ya ɗauki matsakaicin. Wadda ta cika mazurari kuma sai ya zuba mata ruwan ɗumi wanda ya riga ya auna, ta narke, ya auna duka, ya cire abin da ya zuba. Galibi inci 10 zuwa 12 na dusa ke ba da inci ɗaya na ruwa. Da wannan lissafi a ke sanin yawan ruwan da ke kwance bisa duwatsu yana jiran ranar narkewa, a gargaɗi mutanen bakin kogi.

ABIN DA YA SA TSINKAYARTA KE DA WUYA

Sanin cewa sanyi na tafe ba shi ne mai wuya ba. Mai wuya shi ne a ce ruwa za a yi ko dusa, domin a Ingila digiri ɗaya tak ke raba su. Yawancin dusar ƙasar tana sauka ne sa'ad da sanyi ke tsakanin sifiri da digiri 2. In ya ɗaga kaɗan, sai a sami ruwa rabin inci wanda ba zai hana kowa fita ba. In ya sauka kaɗan, wannan ruwan shi ne zai zama dusa inci 5 ko 6, ya tsai da motoci. Ga abubuwan da mai awo ke dubawa.

Na ɗaya, inda iska ta fito. Iskar gabas da ta arewa su ke kawo sanyi, amma iskar gabas sau da yawa busasshiya ce. Babbar dusa ta kan zo ne sa'ad da iskar teku mai laima ta taso daga kudu maso yamma ta yi karo da sanyin da ya riga ya zauna, ta hau bisansa. A bakin wannan karo ne a ke shan wuya, kuma in bakin ya gusa da mil 30 kaɗai, garin da aka gargaɗa ya tsira, wanda ba a gargaɗa ba ya kwana a ciki.

Na biyu, allurar ma'aunin nauyin iska. In tana sama ta tsaya cik, sararin sama garau, ba iska, to daren nan za a yi daskarewa amma ba abin da zai sauko. In ta fara faɗuwa da sauri alhali sanyi bai sake ba, hadari na tafe.

Na uku, gajimare. In wani siririn gajimare ya shimfiɗu can sama har wata ya yi lema, watau aka ga zobe kewaye da shi, sau da yawa alama ce iska mai laima ta fara hawowa, kafin kwana ɗaya a ga abin da ta ɗauko.

Na huɗu, bushewar iska. Kowa ya san yadda randa ke sanyaya ruwa, musamman da hunturu, don laimar da ke tsatsowa a jikinta tana bushewa tana tafiya da zafi. Haka ruwan sama ke yi in ya ratso busasshiyar iska, sai ya ƙara mata sanyi, abin da ya fara da yayyafi ya rikiɗe ya koma dusa. Don haka masu awo ke ajiye ma'aunin zafi biyu gefe da gefe, ɗaya an naɗe masa gindi da jiƙaƙƙen ƙyalle. In tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa, iska a bushe ta ke.

Na biyar, tudu da kwari. Duk hawan ƙafa 500 sanyi kan ƙaru da wajen digiri ɗaya, saboda haka a kan yi ruwa cikin gari alhali gonar da ke bisa dutse tana binnewa. Amma a daren da ba iska abin ya kan juye, don iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta gangaro ta kwanta cikin kwari, kamar yadda mai lambu ya san fadama ta fi tudu sanyi da asuba. Cikin birni kuma ya fi ƙauye ɗumi saboda gine-gine. Irin wannan bambanci na kurkusa, wanda ya shekara ashirin yana awo a wuri ɗaya shi ya fi kowa saninsa.

MAKIYAYI DA HUKUNCINSA

Tumakin duwatsun Ingila a waje su ke kwana rani da damina. In guguwar dusa ta taso sai su juya mata baya su yi ta tafiya har katanga ta tare su, su lafe a gindinta. Nan ne kuwa dusa ke taruwa. Kafin gari ya waye ta rufe su. Makiyayi sai ya fito da karnuka da dogayen sanduna yana soka dusa yana nema. Tunkiya ta kan yi kwanaki da rai a ƙarƙashi, amma ba duka a ke samu ba.

Maganin abin shi ne a gangaro da su kusa da gida tun kafin ta fara. To, amma cikin watan Disamba hasken rana a can bai kai awa takwas ba, tattara garke daga kan dutse kuwa aikin yini ne. In ya gangaro da su dusa ba ta zo ba, ya wahalar da tumaki masu ciki a banza, ya kuma taɓa ingiricin da ya tanada don watan Fabrairu da Maris. In ya bar su ta zo, ya yi hasarar uwa da ɗa. Rediyo zai faɗa masa labarin lardi duka, amma bai san dutsensa ba. Nan ne littafin maƙwabci ke da rana. In an duba an ga duk sa'ad da iska ta juyo daga kudu maso gabas, allura na faɗuwa, sanyi na kan digiri ɗaya, kwarin nan ya kan toshe, to ba sauran jira.

Ba makiyayi kaɗai ke wannan lissafi ba. Masu gyaran hanya su kan watsa gishiri bisa titi don ya hana ruwa daskarewa, in kuwa suka watsa aka yi ruwa maimakon dusa, ya wanke kuɗinsu ya tafi. Mai kanti na so ya sani ko ya ƙaro kaya kafin hanya ta rufe. Akawu na so ya sani ko jirgin safe zai tashi.

DA TSOHUWAR ZUMA A KE MAGANI

Wataƙila wani ya ce, to ina amfanin rubuta sanyin da ya riga ya wuce? Ga amsa. An ce hunturun 1963 shi ne mafi tsanani a tsakiyar Ingila tun daga 1740. Yaya aka sani, alhali a 1740 ba ofishin yanayi? Wani malamin jami'a ne, Gordon Manley, ya yi shekaru yana bin tsofaffin littattafan irin waɗannan mutane, yana gwada na wannan da na wancan, har ya haɗa lissafin zafi da sanyi na kowane wata tun daga 1659. Ba ƙasar da ke da mai tsawonsa. Cikin waɗanda suka bar irin wannan gado akwai Thomas Barker, mai gona a ƙauyen Lyndon, wanda ya yi fiye da shekara 60 yana rubuta yanayi tare da halin amfanin gona.

Cikin 2020 kuma, lokacin da annoba ta zaunar da mutane a gida, wani malami a Jami'ar Reading mai suna Ed Hawkins ya nemi a taimaka a kwafe tsofaffin takardun awon ruwa a shigar da su kwamfuta. Mutum wajen 16,000 suka amsa, cikin kwana 16 suka kwafe awo fiye da miliyan 5. Daga nan aka gano shekarar 1855 ita ce mafi ƙarancin ruwa cikin lissafin ƙasar. Waɗanda suka yi awon sun daɗe da rasuwa, ga aikinsu yana amfani.

A 1963 da hannu a ke zana taswirar yanayi. Sai cikin 1965 ofishin Ingila ya fara fid da hasashen kullum da kwamfuta. Yanzu ga taurarin ɗan'adam, ga na'urori masu hango hadari daga nesa. Cikin Fabrairu 2018 masana sun ga alamar sanyin gabas tun wajen mako biyu kafin ya iso, suka yi gargaɗi. Duk da haka, ko wane ƙauye ne zai sami inci 2, wane ne zai sami ƙafa 2, wannan sai da aka matso kusa. Kuma bayan ta sauka, mutum ne da rula ke faɗin zurfinta, da shi a ke gane ko kwamfuta ta yi daidai.

NAMU RABON

Mu dusar ƙanƙara ba ta dame mu ba, amma muna da namu digiri ɗayan, shi ne ruwan shuka. Kowa ya san yadda a kan yi ruwa a wannan ƙauye na gaba da shi ƙura na tashi, da yadda ruwan fari kan ruɗi manomi ya zuba iri, sa'an nan sama ta ɗauke mako biyu, iri ya ƙone. Masu binciken aikin gona a Sadore, kusa da Yamai, sun fid da wata ƙa'ida cikin 1988: damina ta zauna in an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, ba a kuma yi fiye da kwana bakwai ba ruwa cikin kwana talatin da suka biyo baya ba. Rabin farko na ƙa'idar ma'auni zai gaya maka. Rabi na biyu kuwa sai littafin shekarun baya, shi zai nuna maka daga wane mako ne ruwa bai cika yankewa a garinku ba.

Wanda ke so ya gwada, ya sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Ya kafa shi daidai bisa turke a fili, nesa da itace da rumbu, inda akuya da yara ba za su taɓa ba. Kowace safiya a lokaci guda ya auna zurfin ruwan da rula, ya rubuta da kwanan wata, ya zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba ya rubuta sifiri, don ita ma labari ce. Inci ɗaya daidai ya ke da milimita 25, kuma inci ɗaya bisa eka ɗaya ya fi duro 500 na ruwa. Ya ƙara da ranar da ya yi shuka, da ranar noman fari, da abin da ya girbe.

Shekara ɗaya ba za ta nuna kome ba, biyar za ta fara magana, goma kuwa sai maƙwabta su riƙa zuwa tambaya. Da yayyafi kogi kan cika. In manomi ba shi da sukuni, ɗansa ɗan makaranta ya isa ya riƙe masa littafin. A ƙarshen kowace damina a kai wa malamin gona ya gani, a gwada da na garuruwan da ke kusa.